Injin Karas na Usta Tursunali

Usta Tursunali bai taɓa cin haƙƙin kowa ba a unguwarsu, amma kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin haƙoransa. Tun yana saurayi yake gyaran injuna a wata masaƙar alharini a garin Margilan, har kansa ya yi fari aka sallame shi ya huta. Da safe ya fita, da yamma ya dawo, ya tura ƙofa ya sa sakata. In ka gaishe shi zai amsa da ka. Zaman gidan shayi kuwa, a ganinsa, sana'ar marasa sana'a ce.

Ana nan sai aka sa ranar auren ɗansa tilo, Davron, bayan an gama tsinkar auduga.

Wata yamma suna zaune ƙarƙashin rumfar inabi, matarsa Salomat ta zuba masa shayi ta ce, "Baban Davron, wa zai yanka maka karas?"

A garin ba a biki sai an ciyar da maza osh da sassafe, wato shinkafa da naman rago da karas a ƙatuwar tukunya. Karas ɗin buhu-buhu ne. Ana gobe biki, bayan la'asar, mazan unguwa kan zo gidan kowa da wuƙarsa da ɗan allonsa, su zauna su yanka shi siri-siri kamar tsinken ashana. Ba a tilasta wa kowa. Mai unguwa ya faɗa a masallaci, wanda ya ga dama ya zo. In aure ne, dangin amarya kan turo dattawa da sunan kawo gaisuwa, su ga irin gidan da 'yarsu za ta shiga. In tsakar gida ta cika, sun san mai gidan yana da mutane. In ba ta cika ba, shi ma sun sani.

Usta ya ce, "Zan ɗauki 'yan aiki."

"'Yan aiki." Ta ajiye butar. "Surukanka su shigo su tarar da kai da 'yan ƙwadago. Da wane ido yaronka zai kalli dangin matarsa?"

"Ban taɓa zagin kowa ba."

"Ba ka taɓa zama da kowa ba dai. Gidan wa ka taɓa zuwa da wuƙa? Zumunta a ƙafa take. Ka je inda mutane suke, ka saki fuskar nan."

Usta ya tashi ya shige ɗaki. Amma kashegari ya sa hularsa mai kyau ya tafi gidan shayin da ke bakin magudanar ruwa. Dattawa na zaune a kan gadon katako suna hira. Da suka gan shi sai hirar ta tsaya. Ergash mai gasa gurasa, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, ya matsa ya ba shi wuri. Usta ya zauna, ya tuna maganar matarsa, ya ja leɓɓansa gefe da sunan murmushi.

Mamasoli, tsohon direba wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya dube shi da kyau. "Usta, haƙori ne ke ciwo? Akwai mai cirewa a kasuwa, hannunsa da sauƙi."

Aka yi dariya. Usta ya mayar da fuskarsa yadda take. Can Mamasoli ya koma kan labarin da yake bayarwa, na wata kankana da ya taɓa nomawa, wadda don girmanta jaki ya durƙusa da aka ɗora masa.

Usta ya ce, "Ba ta yiwuwa. Jaki na ɗaukar buhun alkama biyu. Ƙarya ce."

Dattawa suka kalli juna.

Mamasoli ya dafa ƙirji. "Allah ya saka da alheri, Usta. Tun ina da gashi nake ba da labarin nan, ba wanda ya gano ni sai yau."

Usta ya koma gida kunnuwansa na zafi. Ya san ya yi kuskure, bai san a ina ba, tunda gaskiya ya faɗa. Ya zauna a ɗakin kayan aikinsa ya yi nazari. Abin da ya yanke shi ne, baki ba makaminsa ba ne, hannu ne. Mutane na son wanda ya amfane su. To zai amfane su.

Ya kuwa ji a masallaci cewa Ergash zai yi bikin kaciyar jikansa, ana gayyatar yankan karas. Usta ya ciro motar wani tsohon injin wanki, ya wasa wuƙaƙe da hannunsa, ya jera su cikin akwatin ƙarfe. Ya yi kwanaki yana fama a kai. Da Salomat ta tambayi abin da yake ƙerawa sai ya ce, "Za ki ji labari."

Ranar yankan, bayan la'asar, ya ɗora injin a baro, ya rufe da tsohon bargo, ya tura zuwa gidan Ergash. Tsakar gidan ta cika. Maza sun zauna layi biyu suna fuskantar juna, sun gama kankare karas ɗin, rawaya kamar ɗorawa a manyan darurruka, yanzu suka fara yanka. Wuƙaƙe na bugun alluna, hira na tashi ta kowane gefe. Molon Mamasoli na jingine a bango, sai an ci abinci za a taɓa shi. Daga madafa ana jin mata sun fara soya albasa, don romon da za a ba masu yanka bayan magariba. A kusurwa Hoji Mirsoli na zaune, tsohon da ido ya bari, wanda ba ya fita gida sai irin wannan rana. Ɗansa ya kawo shi ya zaunar da shi ya tafi. Yana laluben karas ɗaya a kan allonsa yana yankawa a hankali, yana murmushi a kan maganar da ake yi.

Ergash ya miƙe da hannu a ƙirji. "Usta, yau kai ne a gidana? Bismillah, ga wuri."

"Ba zama na zo yi ba. Ina wuta?"

Ya jona wayar injin da lantarki, ya yaye bargo, ya danna. Injin ya ɗauki ruri, ba mai jin maganar na kusa da shi. Usta ya kwashi karas ya zuba ta sama, ya fito ta ƙasa siri-siri, duk tsayi ɗaya. Samarin wurin abin ya burge su, suka taso suna jido masa darurruka. Dattawa suka dakata da wuƙaƙe a hannu suna kallo. Kafin shayin da aka zuba ya huce, daro na ƙarshe ya zama wayam. Usta ya waiga ya ga saura ɗaya. Ya taka zuwa kusurwa ya ɗauke na kan allon Hoji.

"Kawo, Hoji, kada ka yanke hannu."

Ya jefa shi a injin, ya kashe.

Mai dafa osh ɗin ya ɗebi karas ya duba ya ce, "Tsakani da Allah, yanka ya yi kyau." Usta ya tsaya yana goge hannu, yana duban fuskoki yana jiran abin da ya zo nema.

Mamasoli ya share wuƙarsa a gwiwa. "To, jama'a, Usta ya sallame mu. Saura ka ƙera wanda zai ci osh ɗin, gobe mu yi barcinmu."

Dariyar da aka yi ba ta da ƙarfi. Namiji ba ya zama a gidan wani hannu rabbana yana jiran tukunya ta tafasa. Ɗaya bayan ɗaya suka naɗe wuƙaƙe a ƙyalle, suka ɗauki alluna. Ergash ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Ku dakata mana, romo ya kusa," suna amsawa, "Ai mun gode, sai da safe." Mamasoli ya rataya molonsa ba tare da ya taɓa tsirkiya ba. Rana ba ta faɗi ba tsakar gidan ta zama kango. Matar Ergash ta ɗaga labulen madafa, ta ga shimfiɗu babu kowa, ta saki labulen.

Saura Usta yana naɗe wayarsa, da Hoji, wanda aka ce wa ɗansa ya dawo ɗaukarsa bayan isha'i. Tsohon ya shafa allonsa ya ce, "Har an gama? Ni ko biyu ban yanka ba. Wa ya karɓe min nawa?"

Ergash ya raka Usta ƙofa, idonsa a kan baro. "Mun gode, Usta. Ka hutar da mu."

A gida Salomat ta riga ta ji komai ta kan katanga. Ba ta ɗaga murya ba. "A zatonka karas suka zo yanka?"

"To me suka zo yi?"

"Zama suka zo yi, Baban Davron. Karas dalili ne. Mutumin nan ya daɗe yana tanadin yammacin nan. Gobe gari zai ce taron Ergash ya watse da rana a sama."

Usta ya sunkuyar da kai. Muryar Hoji ce ke dawo masa. Ya ture abincin da ta ajiye masa.

Da asuba bai so zuwa cin osh ɗin ba, amma ƙin zuwa ya fi muni. Ya zauna can ƙarshen layi. Osh mutum biyu ke ci a faranti ɗaya, kowa na da wanda yake haɗa hannu da shi tun ƙuruciya. Aka riƙa miƙo farantai, wurin da ke gefen Usta babu kowa. Mai rabo ya tsaya da faranti a hannu yana waige-waige, har ya hango wani baƙo daga wata unguwa da ya makara, ya yafito shi. Suka fara ci.

Baƙon ya matso ya rage murya. "An ce jiya wani ya kori mutanen gidan nan da inji. Ka san shi?"

"Na san shi."

"Wane irin mutum ne?"

Usta ya dubi shinkafar da ke hannunsa. "Wawa ne."

"Haka na ji," in ji baƙon, ya tura masa tsokar nama gefensa.

Ya yi kwanaki bai leƙa waje ba sai masallaci, nan ma sahun baya. Yara a titi in sun gan shi sai su kwaikwayi rurin inji. Davron ya riƙa kauce masa a gida. Ranar biki na matsowa.

Wata rana da azahar, lokacin da tanderu ke hucewa, Usta ya shiga shagon Ergash. Ya same shi yana kankare kwaɓin da ya bushe a tebur.

"Ergash."

"Usta."

"Na ɓata maka taro."

"An ci osh lafiya ai."

"Na ɓata."

Ergash ya ci gaba da kankara. Can ya ce, "Matata gida-gida ta bi tana rabon romon nan, kamar sadakar mamaci. Ni na haɗiye. Hoji ne abin ya taɓa."

"Shi ma zan je wurinsa."

Usta ya sa hannu cikin jabbarsa ya fito da wuƙa da karas uku ya ajiye a tebur. Sai da ya yi kamar zai mayar da su, sannan ya ce, "Nuna min."

"In nuna maka me?"

"Yadda ake yankawa. Ban iya ba."

Ergash ya ɗago. "Kai da ka ƙera wancan dodon?"

"Ƙarfe na iya."

Ergash ya goge hannu, ya ɗauki karas ɗaya, ya tsaga shi fale-fale a karkace, ya jera, ya bi da wuƙa. Ya tura wa Usta na biyu. Usta ya riƙe wuƙar kamar guduma. Abin da ya fito kamar itacen girki ne, wani kauri, wani guntu. Ergash ya yi ƙoƙarin daurewa, abin ya fi ƙarfinsa, ya dafa tebur yana dariya har gari na tashi. Wuyan Usta ya ɗauki zafi. Ƙafarsa ta nemi ƙofa. Ya danne ta, ya jawo karas na uku.

Da ya gama ya ce, "Bikin Davron..."

"Na sani. Katangarmu ɗaya, ni zan zo. Sauran kuwa ban ɗaukar maka alkawari ba."

Daga nan ya wuce gidan Hoji Mirsoli. Ya durƙusa gabansa ya ce shi ne ya karɓe masa karas, ya yafe masa. Tsohon ya karkata kai yana saurare. "Ashe haka muryarka take. Tun kana yaro muke unguwa ɗaya, ban san ta ba." Ya sa aka kawo shayi, ya riƙe Usta da labarin mutanen da suka mutu har la'asar. Usta ya zauna ya ji.

Ya koma gidan shayi. Ya daina jan leɓe. Yakan zauna a gefe, ya zuba wa na kusa da shi, in Mamasoli ya ɗauko ƙarya ya cije harshe. Wasu sun fara amsa masa gaisuwa da baki. Wasu kuwa har lokacin gyaɗa kai kawai suke yi, irin nasa.

Ana gobe ɗaurin aure Salomat ta shimfiɗe tsakar gida tun daga rumfa har bakin ƙofa. Aka jera buhunan karas, aka dafa shayi buta-buta. Aka yi la'asar. Ergash ya shigo da allonsa, sai Hoji riƙe da hannun ɗansa, sai Mamasoli, sai wasu dattawa biyu da mai unguwa ya roƙa. Daga nan ƙofa ta yi shiru. Suka taru a kusurwa ɗaya, sauran shimfiɗun na kallon sama. Davron ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen titi, bai yarda ya haɗa ido da ubansa ba. Kafin magariba dattawan gidan amarya za su iso.

Mai dafa osh ya dubi buhunan, ya dubi hannuwan da ke wurin, ya taɓe baki. "A haka sai jibi."

Usta ya zauna tsakanin Ergash da Hoji ya sunkuya yana yanka. Ya riga ya yanke yatsa, an ɗaure masa da tsumma. Mamasoli ya miƙa hannu ya ɗauko guda daga allonsa ya ɗaga sama.

"Jama'a, wannan karas ne ko turken ɗaure akuya?"

Hoji ya ce a ba shi ya taɓa. Ya shafa ya ce, "Ni da ba na gani ban taɓa yin irin wannan ta'asa ba."

Suka tuntsire. Mamasoli ya karɓi abinsa ya miƙe, ya nufi ƙofa, sai ya tsaya ya juyo. Wannan karon ba dariya a fuskarsa. "Usta, in fita da shi in nuna wa unguwa?"

Usta ya gane abin da ake tambayarsa. Mamasoli zai bi gida-gida, zai tsaya a gidan shayi, zai ce a zo a ga Usta mai inji yana kokawa da karas. Za a ƙara gishiri. Har ya mutu da wannan za a riƙa kiransa, jikokinsa ma za su ji. Shi da ko a masaƙa ba wanda ya taɓa gyara masa aiki. Ya dubi bayan ɗansa a bakin ƙofa. Ya tona tarin da ke gabansa, ya zaɓo wani mai kai kamar tsinin gatari.

"Ɗauki wannan. Ya fi muni."

Mamasoli ya karɓa ya fita. Ba a jima ba aka fara jin muryarsa a titi, da dariya na biye da ita. Na farkon shigowa mahauci ne, ya ce shi dai leƙowa ya yi ya ga da idonsa. Ya tsaya a kan Usta yana girgiza kai. Davron ya miƙa masa shayi, ya zauna. Sai ga shi ya zaro wuƙa daga ɗamararsa, a naɗe, a wase. Na bayansa ma haka. Kowa ya shigo sai ya fara zuwa ya duba allon Usta ya yar da tasa maganar. Wani ya ce a ajiye guntayen a yi katangar lambu. Wani ya ce baƙin gobe su zo da zarto. Usta bai ɗago ba. Fuskarsa kamar an kara ta a tanderu, gumi na bin bayan kunnensa, yana yanka.

Ba kowa ne ya zo ba. Shimfiɗun bakin ƙofa haka suka ƙare babu mai zama, kuma Usta ya san sunayen waɗanda ya kamata su zauna a kai. Amma wuƙaƙe na bugun alluna, hira ta tashi, daga madafa ƙamshin romo ya fara fitowa.

Dattawan gidan amarya suka yi sallama rana na kan katanga. Babbansu, mai farin gemu, ya tsaya yana duban taron ya ce, "Ina mai gidan?"

Mamasoli ya nuna da wuƙa. "Ga shi can, Baba. Wanda ya fi kowa rashin iyawa."

Usta ya yunƙura zai tashi, tsumman yatsarsa ya kwance ya faɗa cikin daro. Aka sake dariya. Ya tsaya da hannu a ƙirji, bai san inda zai sa idonsa ba. Dattijon ya gaisa da shi, ya sunkuya ya dubi allon, ya yi gyaran murya. Ya naɗe hannun jabbarsa ya ce a ara masa wuƙa.

Ergash ya zunguri Usta da gwiwar hannu. "Matsa mana, Usta, ka cinye wuri."

Ya matsa.